Tambayar da Baba ya yi wa masu ɗigo

A 2003 aka haife ni, shekarar da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna. Umma ta ce ko bayan an dawo da shi a 2004, da maganin da aka kawo daga Indonesiya, Baba bai yarda ba. In masu ɗigo suka yi sallama, sai a ce musu yara ba sa nan. Ni Allah Ya tsare ni. Ɗan baffana kuwa, sa'ana, har yau da sanda yake tafiya.

Na daɗe ina ganin laifin Baba, musamman da na shigo makaranta na fara jin kaina ɗan boko. A hutun da ya wuce na daure na tambaye shi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai yaro ne. A 1996, lokacin sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada Trovan a Kano. Cikin yara kusan 200 da aka sa a gwajin, 11 suka rasu. Su ma ai likitoci ne. Kuma zazzaɓi ya kama ku, da kuɗina nake sayen magani. Wannan kuwa kyauta, har gida ake bi na. Na tambayi dalili, aka ce umarni ne daga sama."

Wallahi ban sami amsa nan take ba. Baba ya yi kuskure a kan maganin, ƙafar ɗan baffana shaida ce. Amma tambayarsa ta cancanci amsa, kuma ba a ba shi ba. Sai da sarakuna da malamai suka shigo, mai unguwarmu ya ɗiga wa jikansa a bainar jama'a, sannan ƙofofi suka buɗe. A 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar.

Likita ya fi ni sanin magani, ba musu. Sai dai dokar da za ta shiga har ɗakin Umma tana buƙatar a zauna da mutane, a ji tsoronsu, a yi musu bayani da Hausar da suke ji. 'Yan uwana masu karatun lafiya, gobe ku za a tura unguwanni. In wani dattijo ya tambaye ku dalili, don Allah ku tsaya ku amsa masa.

Bara, da masu ɗigo suka zo, Baba ne da kansa ya riƙe musu ɗan yayata.