Ƙarar da Ba Ta Zuwa Sai a Kwana

Matsalar da ta fi wahalar da bakanike ita ce mai zuwa ta tafi. A garejin da na yi SIWES an taɓa kawo wata Ford Mustang mai gurnani a baya. A miƙaƙƙen titi shiru kake ji, amma da an sha kwana a hankali sai "gur-gur-gur". Mai motar har ya fara cigiyar sabon aksul.

Oga ya ce, "Yaro, ajiye sifana, kunne tukuna."

Da boris ne, ƙarar za ta ƙaru da gudu, ta fi tsanani a kwanar gefe ɗaya. Wannan kuwa hagu da dama duk ɗaya. A kwana tayar waje ta fi ta ciki juyawa, don haka dole faifan kulocin da ke cikin difaranshal su zame sumul. Man giyar ne ya tsufa, suke kamawa suna saki. Muka canza shi, muka ƙara sinadarin santsi, muka yi ta zagaye kamar lamba 8. Ƙara ta ɗauke.

Ƙannena masu shirin fita SIWES, kafin ku kwance noti ɗaya, ku tambayi mai mota: yaushe take yi?