Gitar da ba a gama ƙera ta ba

Yawancin kayan kiɗan da duniya ta sani, an daɗe da rufe gardama a kan siffarsu. Gogen Turawa yana nan kusan yadda masassaƙan Italiya suka bar shi shekaru 300 da suka wuce. Wanda ya koyi fiyano a Yamai, in aka zaunar da shi gaban wata a Tokiyo, yatsunsa za su gane gida. Amma akwai wata gita a Amurka wadda har yau masu ita ba su yarda an gama ƙera ta ba. Su suna kiran ta pedal steel, ni kuwa a nan zan ce mata gitar feda. Na daɗe ina bin labarinta, kuma abin da ya riƙe ni a kanta ya wuce daɗin sauti: makaɗa biyu da suka ƙware, in suka yi musayar kujera, kowannensu yana iya komawa ɗan koyo.

Wannan gita ba a rungumar ta. Kwance take kamar ƙaramin tebur mai ƙafa huɗu, makaɗi yana zaune a bayanta. Hannun hagu yana jan wani guntun ƙarfe mai santsi a bisa tsarkiyoyi, na dama yana tsinkar su da faratan ƙarfe. A ƙasa akwai jerin fedoji da ake takawa, a gefen kowace gwiwa kuma akwai liba da ake turawa. Wadda aka fi sani tana da wuya biyu, kowane da tsarkiya 10, da feda 8, da liban gwiwa 4 ko 5. Duk fedar da aka taka tana jan sandar ƙarfe a ƙarƙashin teburin, sandar ta ƙara wa wasu tsarkiyoyi tauri ko ta sassauta su, sai murya ta hau ko ta sauka alhali tana cikin kuka. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan. Mai kalangu haka yake yi in ya matse tsarkiya a hammatarsa bayan ya riga ya buga: sautin yana tanƙwarewa a iska, kamar maganar mutum.

Asalinta daga tsibiran Hawai ne, inda ake jingina wa Joseph Kekuku fara jan ƙarfe a kan gita a ƙarshen ƙarni na 19. Fedoji sun shigo daga baya, kuma da fari aikinsu sauya saitin tsarkiyoyi ne kawai, don makaɗi ya huta da ɗaukar gita mai wuya uku ko huɗu. Paul Bigsby, wanda ya ƙera wa Speedy West tasa a 1948, mutumin babur ne, daga gyaran inji ya shigo harkar. Sai a ƙarshen 1953 wani makaɗi, Bud Isaacs, ya taka feda a daidai lokacin da tsarkiya ke ƙara, cikin waƙar Webb Pierce mai suna “Slowly”. Da faifan ya fito, makaɗa suka rasa sukuni. Babu kantin da ke sayar da abin da suka ji, don haka kowa ya koma bayan gida da abin huda ƙarfe. Tsofaffinsu suna ba da labarin wayar rataye tufafi da totur ɗin tsohuwar mota da aka ɗaura wa gita. Daga wannan rikici aka haifi sana'ar, kuma ba ta taɓa rabuwa da ɗabi'arsa ba.

Dubi abin da ya faru da fedar Isaacs ita kanta. Feda ɗaya ce mai jan tsarkiyoyi iri biyu a tare. Buddy Emmons da Jimmy Day suka raba ta biyu, don a iya taka kowace ita kaɗai. A tsarin yau, ɗaya tana ɗaga tsarkiya ta 5 da ta 10 da cikakken taki, ɗayar tana ɗaga ta 3 da ta 6 da rabin taki. Sai dai abin da Emmons ya sa a hagu, Day a dama ya sa shi. Shekaru kusan 70 ke nan, kuma har yanzu mai sayar da gita sai ya faɗa wa mai saye ko tsarin Emmons ce ko tsarin Day, domin idon sawun da ya saba karkata ta nan ba ya yarda ya karkata ta can. Emmons bai tsaya ga kiɗa ba. Shi da Shot Jackson suka kafa Sho-Bud, sa'annan a farkon shekarun 1960 ya fito da gita mai sunansa, wadda ke ja don ɗaga murya, ta tura don sauke ta. Saita ta aiki ne mai cin rai, amma har gobe akwai masu rantsuwa babu mai sautinta. Fender kuwa da igiyar waya da ƴan ƙananan gargare ya yi tasa.

Sau ɗaya na taɓa ganin cikinta da idona, lokacin da nake karatu a Faransa, a wurin wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa yana gyara wa makaɗan yankinsa. Ya kifa ta a kan bargo. Ni ɗan mai gyaran keken ɗinki ne a Damagaram, na tashi cikin warin man inji da ƙarar feda, saboda haka abin da na gani bai zame mini baƙo ba: sanduna jere kamar haƙarƙari, da sifirin, da ƴan notuna da ba su kai ƙwayar gero biyu ba. Ya nuna mini wata liba da aka ƙara a wurin da bai kamata ba, a karkace. Ya ce mai gitar ya taɓa karyewa a gwiwa, ƙafarsa ba ta buɗewa sosai, shi ya sa aka kawo libar inda gwiwar ke iya kaiwa. A ranar na gane cewa kowace irin wannan gita awon jikin wani mutum ce, kamar rigar da tela ya yanka.

Jama'ar da ke kaɗa ta ba su da yawa, kuma sun san juna. Suna da wani jadawali da suke kira copedent, kalmar da Tom Bradshaw ya ƙirƙira: tsarkiyoyi a jere daga sama zuwa ƙasa, fedoji da libobi a kwance, kowane gida an rubuta abin da ke hawa da abin da ke sauka. In baƙi biyu suka haɗu, kafin a tambayi gari sai a tambayi jadawali. Shekara da shekaru sun riƙa taruwa a birnin Sen Luwis, a taron da DeWitt Scott ya riƙa shiryawa, kuma masu zuwa sun sha faɗin cewa rabin kallon a durƙushe ake yin sa, ana leƙen ƙarƙashin gitar wani. Abin da ya fi burge ni shi ne ba sa rowar dabara. Wanda ya gano sabon ja yakan rubuta shi ya miƙa, wataƙila don ya san jadawali takarda ne kawai, sai gwiwa ta shekara tana turawa kafin ya zama kiɗa.

Wannan buɗaɗɗiyar ƙofa ce ta fitar da gitar daga Nashbil. Maurice Anderson ya matse aikin wuya biyu cikin wuya ɗaya mai tsarkiya 12. A cocin House of God na baƙaƙen Amurka, makaɗa sun tsara nasu saitin don gitar ta riƙa amsa wa mai wa'azi da muryar mutum, kuma daga can Robert Randolph ya fito da tasa mai tsarkiya 13. Susan Alcorn, wadda ta rasu a 2025, ta shafe shekaru tana kiɗan kantiri a Tekzas kafin ta sake wa tata tsari har ta ɗauki kiɗan Astor Piazzolla na Ajantina, a faifanta Soledad na 2015. Mu ma ta biyo ta kusa da gida. Duk wanda ya saurari Juju Music na King Sunny Ade, na 1982, ya ji Demola Adepoju yana zuba ta a tsakanin gangunan Yarabawa. Shi ne kuma ya kaɗa ta a waƙar “Graceland” ta Paul Simon a 1986: waƙar tafiya Tenesi, mahaifar kiɗan kantiri, amma hannun Bayarabe ne a kan ƙarfen.

Masu son a tsayar da tsari ɗaya suna da hujja, kuma ba na raina ta. Gitar tana da tsada, da akwatinta takan haura kilo 25, ga wuyar koyo. Yaron da ya tara kuɗi ya saya, ya tarar littafin koyonsa an rubuta shi don wani jadawali dabam, yana iya mayar da ita akwati har abada. Gaskiya ne kuma feda uku da liba huɗu na wuyan gaba sun kusa zama abin da kowa ya yarda da shi, kuma hakan ya taimaki masu koyo. Amma in har sai na zaɓa, ina bayan masu huda. Isaacs ya saɓa wa amfanin da aka san feda da shi, Emmons da Day suka saɓa wa Isaacs, Alcorn ta saɓa musu duka. Tsarin da ake kira na kowa a yau, tarin taurin kan mutane ɗai-ɗai ne da aka saba da shi.

Inda abin yake da ciwo shi ne bayan mutuwa. Da yawa daga cikin maƙeran nan mutum ɗaya ne da shagonsa. In ya tafi, kayan gyara sukan tafi da shi, sai a riƙa yanka tsohuwar gita don a raya wata. Emmons ya rasu a 2015, Day tun 1999. Gitar makaɗi kuwa, in magada suka sayar, wanda ya saya yakan kai ta wurin mai gyara a kwance sandunan duka, a sake jera su daidai da nasa jiki. Dattijon nan na Faransa ya ce mini shi ba ya toshe tsofaffin ramukan kusoshi in ya cire liba. Yana barin su a jikin katakon, har ya nuna mini wata da ya ƙirga mata masu ita huɗu ta wurin ramukan.