Daga Ƙaraye zuwa Baturiya: Mun bi sawun Kogin Challawa

Idan aka tambayi ɗalibi a Kano ya faɗi wurin da ya fi ko'ina kyau a ƙasar nan, da wuya ya wuce Yankari da ruwan ɗuminta na Wikki, ko tsaunin Mambila, ko Dutsen Zuma da ke hanyar Abuja. Ba wanda zai ambaci Sharaɗa ko Challawa ko Bompai. Abin da aka san su da shi hayaƙi ne, da ƙarar injuna, da tireloli, da warin fata. Amma a bayan katangun masana'antun nan akwai kogi, kuma duk wanda ya bi shi daga sama har ƙasa sai ya riƙe baki. Abin da muka yi ke nan a hutun hunturun da ya wuce, mu kaɗan daga cikin 'yan ajinmu.

Mun fara ne daga Ƙaraye, kimanin kilomita 90 kudu maso yammacin Kano, inda aka datse kogin da babbar madatsa a 1992. Da sassafe muka isa, hazo bai ɗaga ba. Ruwa ne shimfiɗe iya ganinka, har ka rasa inda ya ƙare da inda sama ta fara. Masunta na tura kwale-kwale a hankali, balbelu sun yi fari fat a kan duwatsun bakin ruwa. Duk surutun da muka taho da shi a mota sai ya mutu, kowa ya yi tsit. Wannan ruwa yana da ɗan'uwa, wato Kogin Kano, wanda ke ratso dajin Falgore ya taru a madatsar Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Ku riƙe sunansa, za mu sake haɗuwa da shi a gaba.

Kashegari muka tari kogin a Panshekara, cikin Ƙaramar Hukumar Kumbotso. Da rani faɗinsa yashi ne fari, ruwa na bin tsakiya, tifofi na loda yashin da ake gina birni da shi. A gaɓarsa matatar ruwan Challawa take, wadda ke ba Kano ruwan famfo tun zamanin Turawa. A nan kusa kuma unguwar masana'antu ta Challawa take, inda kamfanonin jima suka fi yawa.

Jima ba baƙuwar sana'a ba ce a Kano. Shekaru aru-aru fatake suna ɗaukar fatar akuyar ƙasar Hausa a kan raƙuma su ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can take isa hannunsu. Majeman gargajiya da bagaruwa da toka suke aiki. Jimar zamani kuwa tana amfani da gishiri da farar ƙasa da wani sinadari mai suna kuromiyam, kuma tana cin ruwa mai yawa. Idan ba a tace ruwan kafin a sake shi ba, duk abin da ke cikinsa kogi zai nufa. Mun tsaya a bakin wata magudana muka gani da idonmu: ruwa baƙi-ƙirin, kumfa a samansa, wari kuwa sai da muka toshe hanci. Lallai ruwa ba ya tsami banza.

Sauran unguwannin biyu ma kowacce da hanyar da ruwanta ke bi. Na Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa Kogin Challawa. Na Bompai, a arewa maso gabashin birni, yana bin rafin Getsi ya shiga Jakara, ya tafi madatsar Wasai a Minjibir. A gefen waɗannan rafuka manoman rani na ban ruwa ga latas da kabeji da alayyahu da karas, waɗanda gobe za su iso kasuwa, jibi su shiga tukunyar gidanmu.

Kada wani ya ɗauka gaba muke yi da masana'antu. Da albashinsu aka biya wa da yawa daga cikinmu kuɗin makaranta, kuma duk kamfanin da ya rufe, gidaje ne suka rasa abinci. Abin da doka ta nema shi ne a tace ruwa kafin a sake shi, kuma tun 2007 akwai hukumar tarayya mai suna NESREA da aka ɗora wa alhakin sa ido a kan haka.

A wajejen Tamburawa Kogin Challawa ke haɗuwa da Kogin Kano, su zama ruwa ɗaya. Daga nan ya wuce ƙarƙashin gadar Wudil, ya shiga Jigawa da sunan Kogin Haɗeja. Bayan Haɗeja ƙasa ta kwanta, sai kogin ya rarrabu ya bazu cikin fadamu da tafkuna. A nan Baturiya take, cikin Ƙaramar Hukumar Kirikasamma, kuma nan ne wuri mafi kyau da muka taɓa gani.

Da la'asar muka isa. Itatuwa na tsaye cikin ruwa, bado ya buɗe furanninsa, zalɓe ya kafe a wuri ɗaya yana jiran kifi. Can sai wani masunci ya buga sandarsa a jikin kwale-kwale. Nan take kirinjijiya da ɗinya da wasu tsuntsayen da ba mu san sunansu ba suka tashi gaba ɗaya, sama ta yi duhu, kukansu ya cika kunne. Babu abin da ya fito daga bakinmu sai tasbihi. Cikinsu akwai ƙananan agwagin ruwa da ke ƙyanƙyasa a Turai da Rasha. Idan sanyin can ya tsananta, sai su ƙetare teku da Sahara su sauka a nan, su koma kafin damina. Saboda su ne mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya ziyarci Dagona da ke Jihar Yobe a 1989. Baturiya kuma ta shiga jerin dausayin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2008.

Ga wani abu da ya kamata kowane ɗalibi ya sani. Wannan kogi ba ya zuwa teku. Abin da ya rage na ruwansa yana bin Komadugu Yobe ne ya ƙare a Tafkin Chadi. Ke nan abin da muka zuba a cikinsa a nan ƙasarmu zai zauna, a cikin laka, ko a gona, ko a jikin tarwaɗar da za a ƙyafe a kawo mana. Mutumin Haɗeja da Nguru bai taɓa ganin magudanar Sharaɗa ba, amma yana ƙasa da ita, kuma yana da haƙƙi a kanmu.

Ƙannenmu, ranar 2 ga Fabrairu ta kowace shekara ita ce Ranar Dausayi ta Duniya. Ku roƙi malaminku na labarin ƙasa ya shirya muku ziyara zuwa Tiga ko Ƙaraye, da izinin iyaye da na makaranta, domin gani ya kori ji. Kafin lokacin, ku duba kwatar da ta wuce ta ƙofar makarantarku, ku tambayi manya wane rafi take faɗawa, shi kuma rafin wane kogi yake shiga. Ku zana taswirarsa a littafinku, ku rubuta sunan kowane gari da ke shan ruwan bayanku.