NA TSAYA A GINDIN DOGON BENE A KADUNA

 Wannan karon ba labarin soyayya na zo maku da shi ba, labarin bene ne, amma ku daure ku karanta don ya shafi ɗakin da kuke kwana.

Biki ne ya kai ni Kaduna, na sauka gidan yayana a Doka, shi kuwa injiniyan gini ne. Ranar da ya raka ni Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi sayen atamfa muka biyo ta Ahmadu Bello Way, sai kawai na ja na tsaya a gaban Ahmed Talib House, dogon benen nan na kamfanin NNDC. Na ɗaga kai har sai da ɗankwalina ya zame.

Na ce, "Yaya, don Allah me ke riƙe da wannan abu bai rufto ba?"

Ya yi dariya ya ce, "Ke dai ƙanwata ba ki rabo da ƙauyanci. Abin da ke riƙe da shi ba ya ganuwa, yana ƙarƙashin ƙafarki."

Nan ya shiga yi mani bayani. Ashe ba bulo ne ke ɗaukar nauyin irin wannan gini ba. Daben kowane hawa yana sauke nauyinsa a kan ginshiƙai, ginshiƙai su miƙa shi ga fandisho, fandisho ya baza shi cikin ƙasa. Shi ya sa kafin a sa diga sai an haƙo ƙasar wurin an auna ƙarfinta, don marmara daban, ƙasar bakin kogi daban. Kankare yana jure danniya amma ba ya jure ja, rodi kuwa ja ne aikinsa, sai aka haɗa su aure kowa ya rufa wa ɗan uwansa asiri. Kuma kankare sai ya kwana 28 kafin a ce ya yi ƙwarin da ake so.

Ya ce in gini ya yi tsawo sosai kuma, iska ce abokiyar gaba. Sai a zuba katanga mai kauri ta kankare a kewaye ramin lif, ta zame masa ƙashin baya. Burj Khalifa na Dubai da aka buɗe a 2010 tsawonsa mita 828 ne, yana zaune a kan turaku 192 da aka nutsa ƙasa wajen mita 50, kuma samansa yana ɗan rangaji in iska ta taso, da gangan aka yi shi haka.

Sai fara'arsa ta ɗauke. Ya tuna mani da bene mai hawa 21 da ya rushe a Ikoyi ta Legas a 2021, mutum fiye da 40 suka rasu. Wallahi jikina ya yi sanyi, don na tuna gidaje nawa a unguwanninmu ake ɗora wa bene a kan fandishon da aka yi don ɗaki da falo, saboda kwaɗayin kuɗin haya.

To 'yar uwa, in maigida ya ce zai ɗora hawa, ki lallaɓa shi da murya mai daɗi ya kira injiniya ya duba gindin ginin tukuna. Ke da yara ne ke kwana a ƙasa.

Allah Ya tsare mu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.