Ruwan Da Aka Yi A Kan Dutse

A tsakiyar ƙasashen Turai akwai wata 'yar ƙasa mai yawan duwatsu, ana kiranta Suwizalan. A cikinta akwai wani gari mai suna Interlaken, watau "tsakanin tafkuna", domin yana zaune ne tsakanin manyan tafkuna biyu, tafkin Thun daga yamma, tafkin Brienz daga gabas. Idan gari ya waye sarai, wanda ya tsaya a filin tsakiyar garin ya dubi kudu zai hangi wani dutse da a ke kira Jungfrau, tsawonsa ƙafa 13,642, kansa fari fat da ƙanƙara rani da damina. Amma ba kullum a ke ganinsa ba. Watannin Yuni da Yuli da Agusta, lokacin da baƙi su ka fi zuwa, su ne kuma watannin da ruwan sama ya fi yawa, hadari ya kan taso da la'asar ba sallama.

Cikin baƙin nan akwai samari da 'yammata masu yawon duniya da jaka a goye. Dukan kayansu, daga tufafi har guzuri, suna cikin jakar nan. Ba su sauka a manyan masaukai, sai ɗakunan haya masu araha inda a ke jera gado bisa gado. Kuɗinsu ƙidayayye ne, kwanakinsu ma haka, saboda haka su kan so su ga kome cikin kwana biyu ko uku su wuce gaba.

Abin da ya fi jan hankalinsu shi ne wani wasa, bin kwazazzabo. Ga yadda a ke yinsa. Ruwan da ya ke gangarowa daga duwatsu ya daɗe yana cin dutse, har ya yanka hanya mai zurfi, matsattsiya, bango dama bango hagu. Sai a kai mutane can sama da mota, a ba kowa rigar roba mai manne wa jiki don sanyin ruwan, da hular kwano, da ɗamara mai zoben ƙarfe. Sa'an nan jagora ya shige gaba, su bi ruwan zuwa ƙasa. Inda dutse ya yi santsi su zame a kansa, inda akwai gurbi mai zurfi su yi tsalle su faɗa, inda gangaren ya yi tsawo a zura igiya cikin zoben nan a saukar da su ɗaya ɗaya. Wanda ya shiga kuwa, a wurare da yawa ba shi da mafita sai gaba.

Wani ɗalibi ya isa garin nan da jakarsa, kwana uku kaɗai gare shi, ya kuwa biya kuɗin bin kwazazzabo tun da maraice. Da safe aka yi yayyafi, zuwa hantsi rana ta fito. Ya je wurin taruwa da murna, sai jagora ya ce yau ba shiga, kowa ya karɓi kuɗinsa ko ya jira gobe. Ɗalibi ya nuna sama ya ce ai ruwa ya ɗauke. Jagora ya juya shi ya nuna masa kan dutse, inda gajimare baƙi ƙirin ya sauka, ya ce, "Samari, ruwan da ya jiƙa maka riga ba shi ne abin tsoro ba. Na can sama, wanda ba ka ji ɗigonsa ba, shi ya ke zuwa ya iske mutum."

Duk wanda ya zauna kusa da korama ya san gaskiyar wannan magana. A kan ga korama busasshiya, rana tsaka, sai ga ruwa ja ya taho da itace da shara, alhali ko ɗigo ba a yi a garin ba. To, a kwazazzabo abin ya fi muni. Dutse ba ya shan ruwa kamar jigawa, duk abin da ya zuba a kan tudu sai ya taru a hanya guda. Tun da ba shi da wurin bazuwa, sai ya yi sama, cikin 'yan mintoci ruwan da ya ke iya gwiwa ya shanye mutum.

Mutanen Interlaken ba a littafi su ka koyi wannan ba. Ran 27 ga watan Yuli, 1999, wata ƙungiyar matasa ta shiga kwazazzabon Saxeten, kusa da garin, tare da jagororinsu. Hadari ya zuba a kan tudu, ruwa ya taho da duwatsu da kututture ya auka musu. Mutum 21 su ka rasu, baƙi 18 da jagorori 3, cikinsu 14 mutanen Ostareliya ne. Waɗansu gawawwakin har tafkin Brienz ruwa ya kai su. A watan Disamba na 2001 kotu ta kama mutum 6 na kamfanin da ya shirya tafiyar da laifin sakaci wanda ya jawo asarar rai. Daga baya gwamnatin ƙasar ta yi doka, wadda ta fara aiki a 2014, cewa ba mai kai mutane irin wannan wasa don kuɗi sai da izini.

Ɗalibin nan ya haƙura, ko da ya ke ransa bai so ba. Ya yi niyyar hawa jirgin ƙasa zuwa Jungfraujoch, tashar da aka buɗe a 1912, wadda ta fi kowace tashar jirgi a Turai bisa, ƙafa 11,332. Aka ce masa kuɗin yana da yawa, ranar gajimare kuwa ba abin da zai gani sai hazo. Maimakon haka ya shiga jirgin da ke zuwa kwarin Lauterbrunnen, tafiyar minti 20, inda a ke cewa akwai magangarar ruwa 72. Ya ga Staubbach, wadda ta ke faɗowa daga kan dutse kusan ƙafa 1,000, iska tana watsa ta kamar ƙura. Ya ƙarasa Trümmelbach, inda magangara 10 su ke ruri a cikin cikin dutse, an sassaƙa matakala da ramuka don masu kallo. Ruwan daga ƙanƙarar da ta narke ya ke fitowa, idan ya cika ya kan kai garwa fiye da 1,000 cikin sakan guda. Ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafa, mutum ba ya jin maganar na kusa da shi. Nan ya ga ƙarfin ruwan kwazazzabo da idonsa, yana tsaye bayan shingen ƙarfe. Kashegari ma ba a shiga ba, sai ya hau jirgin ruwa mai tururi, wanda aka ƙera tun 1914, ya zaga tafkin Brienz, ya kalli masassaƙan garin Brienz suna fid da siffofin dabbobi daga itace. Rana ta uku ya goya jakarsa ya tafi bai shiga kwazazzabo ba.

Mai yawo da jaka a goye yana da abin da ke tura shi gaggawa. Ya biya kuɗi, kwanakinsa sun kusa ƙarewa, yana kuma jin kunya ya koma gida a ce ya je bai yi ba. Jagora shi ma yana da nasa, domin ranar da ya hana shiga, ranar bai ci riba ba. Idan gaggawar nan biyu ta haɗu, nan a ke samun asara. Saboda haka jagoran kirki shi ne wanda ya ke iya mayar da kuɗin da ya riga ya shiga aljihunsa, baƙon kirki kuwa shi ne wanda ya ke karɓa ba tare da gardama ba. Baƙo yana da ido, amma gabansa kaɗai ya ke gani, ɗan gari shi ya san inda ruwa ke fitowa. Kwazazzabo kuwa yana nan inda ya ke, wanda Allah ya ja kwanansa ya komo baɗi zai same shi.