Kafin a Jona Tsohuwar Rikoda da Wuta

A shekarar 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar IASA ta masu adana sauti suka yi wani gargaɗi da bai ja hankalin jaridu ba: zaren tef da aka naɗi muryoyin ƙarni na ashirin a kansa yana iya daɗewa fiye da na'urorin da ke karanta shi. Kamfanoni sun daina ƙera su, kayan gyara na ƙarewa, masu gyaran kuma na tsufa. Idan na'ura ta mutu, tef ya zama bebe, ko da kuwa lafiyarsa ƙalau.

Wannan ne ya sa nake ɗaukar kula da tsohuwar rikoda mai kwarkwaro biyu a matsayin aikin ɗan jarida, duk da cewa tsararmu a waya da kwamfuta muka koyi naɗar murya. Biyu ne suka fi shahara cikin waɗanda ake ratayawa a kafaɗa. Akwai Nagra, wadda Stefan Kudelski, ɗan asalin Folan, ya fara ƙerawa a Suwizalan a 1951, samfurinta na uku ya fito a 1958. Akwai kuma Uher 4000 Report, ƙirar birnin Munik na Jamus daga 1961, wadda wakilan BBC suka daɗe suna yawo da ita. Irin ta biyun ce ke kan teburina.

Abu na farko da ta koya mini shi ne haƙuri a kan wuta. Uher batir biyar manya take ci, wato bolt 7.5, Nagra ta uku kuwa sha biyu, bolt 18. Baturan caji na yanzu bolt 1.2 kowanne ke bayarwa, don haka biyar za su ba da 6, wanda ya ishi Uher, domin tun asali an tanadar mata batirin caji mai wannan ƙarfi. Haɗarin yana wajen cajar bango. Tsofaffin Nagra an haɗa jikinsu ne da ɓangaren tarawa na lantarki, saɓanin yawancin kayan yau. Wanda ya ɗauko cajar da ya samu a gida ya jona, don ya ga bakin ya shiga, yana iya ƙona cikin daƙiƙa ɗaya abin da ya shekara sittin yana aiki. Shi ya sa batir ya fi aminci, musamman inda wuta ke zuwa da ƙarfi ta koma ba sallama. Sharaɗinsa ɗaya ne: a cire shi bayan an gama, don ruwansa yana cinye ƙarfen mazauninsa.

Bayan wuta sai roba. Bel ɗin da ke juya kwarkwaro yakan saki ko ya narke ya zama kamar kwalta. Ƙaramar tayar da ke danne tef takan bushe ta yi tauri. Alamar duka biyun guda ce: tef ɗin da ya kamata ya riƙa tafiya santimita 19 ko 9.5 a daƙiƙa sai ya riƙa tangaɗi, kalangu ya koma kamar mai kuka. Kan da ke karanta sautin ana goge shi da auduga da sifirit mai tsafta, a kuma nisanta shi da duk wani maganaɗisu.

Shi ma tef yana da nasa ciwon. Wasu da aka yi a shekarun 1970 da 1980 suna shan laima, su yi danƙo, su riƙa zubar da hodar da ke riƙe da sautin. Ƙwararru kan gasa irinsu a zafin da bai wuce digiri 55 ba, su samu ɗan lokacin kwafewa. Tsohon tef na asitet, mai warin tsami idan ya fara lalacewa, ba a gasa shi. Wanda bai iya rarrabe su ba, gara ya bar kwarkwaron a kwalinsa.

Nan batun ya taɓo mu. Kafin kaset da kwamfuta, a kan irin wannan zare gidajen rediyonmu suka naɗi waƙoƙin su Mamman Shata, da tafsirai, da hirarrakin dattawan da babu sauran wanda zai sake tambayarsu komai. Zafin bazara da laimar damina da ƙurar hunturu ba sa jiran kasafin kuɗi. Duk wanda ya san inda irin wannan na'ura take ajiye, a gida ko a sito na wurin aiki, ya fara duba mazaunin batir, ya nemo sunan samfurin da ƙarfin wutarta, sannan ya nemi tsohon injiniyan rediyo tun yana da ƙarfin riƙe sukudireba.