Ɗanwake Maraya

Cikin abincin Hausawa kaɗan ne sunansa yake faɗin asalinsa ƙarara kamar ɗanwake. Kalmomi biyu aka harhaɗa, ɗa da wake, watau abin da wake ya haifa. To, amma duk wanda ya sayi ɗanwaken talla a Gusau cikin 'yan shekarun nan ya san sau da yawa ɗan nan yana yawo ne ba tare da ubansa ba.

Akwai wata dattijuwa a Tudun Wadar Gusau, mutuniyar wani ƙauye a ƙasar Tsafe, wadda jikokinta suke kira Inna. Tun tana budurwa take sakin ɗanwake, kuma can gida ba ta taɓa sayen wake da kuɗinta ba, domin a gonar mijinta ake shuka shi tsakanin kunyoyin gero. Takan surfe shi, ta sheƙe, ta shanya, ta haɗa da busasshen rogo ko dawa a kai niƙa. In gari ya dawo ta tankaɗe, sai ta zuba kuka, ta kwaɓa da ruwan kanwar da ta jiƙa tun dare. Nan gwaninta take. Kuka ita ke riƙe ƙullin kada ya watse cikin tukunya, kanwa kuwa ita ke sa shi laushi. In kanwa ta yi yawa ya yi ɗaci, in ta yi kaɗan ya fito da tauri kamar tsakuwa. Inna ba ta da ma'auni sai yatsunta.

Bayan ruwa ya tafasa sai ta riƙa gutsuro ƙullin tana jefawa ɗaya bayan ɗaya. Kowanne yakan nutse tukuna, can kuma ya taso. In kumfa ya yunƙuro zai zube, ta yayyafa ruwan sanyi ya kwanta. Abin sha'awa, wannan dabara ba ta Bahaushiya kaɗai ba ce. A arewacin ƙasar Sin, daren jajibirin sabuwar shekararsu, iyali sukan taru su murza ƙullin alkama falle-falle, su naɗe niƙaƙƙen nama da kabeji a ciki, su jefa a tafasasshen ruwa. Suna kiransa jiyawzi. Galibinsu naman alade suke sa wa, amma Musulminsu, ƙabilar Hui, naman rago ko na shanu suke amfani da shi. Su ma tasowa suke jira, su ma ruwan sanyi suke ƙarawa in tukunya ta yunƙuro. Bambancin shi ne nasu riga ce aka yi wa nama, namu kuwa ba ya ɓoye kome a cikinsa: abin da aka kwaɓa shi za a ci. Saboda haka in an yi wa garin ha'inci, babu inda ha'incin zai laɓe.

Abin da ya raba Inna da ƙauyensu ba sai an tsaya dogon bayani ba. 'Yan bindiga suka hana noma, inda aka samu aka yi kuma sai an biya su haraji kafin a girbe. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe kasuwannin mako-mako aka kuma katse layukan waya a Zamfara, ta kwashi jikoki huɗu ta shigo Gusau. Jihar da tun da aka ƙirƙiro ta a 1996 take alfahari da noma, sai ga manomanta suna awon tiya a bakin kasuwa. Wake ya yi tsada, kuma bayan janye tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota da na niƙa suka hau kansa.

Maƙwabtanta suka ba ta shawarar da kowa ya bi, watau fulawa. Ba surfe, ba shanya, ba zuwa niƙa, a kwaɓa da kuka da kanwa kurum a saki. Mako biyu tana ƙi. Ta ce da babbar jikarta, wadda ke ɗaukar tallan, “Ke 'yar nan, in na sai da wanga abu da sunan ɗanwake, mi zan ce ma Allah?” Yarinyar ta ce, “Inna, ai masu saye sun sani.” Gaskiya ta faɗa, sun sani, kuma da yawansu sun fi son na fulawa don santsinsa. Sai dai wake shi ne naman talaka, shi ke riƙe cikin ɗan makaranta da mai tura baro tun hantsi har la'asar. Na fulawa kafin azahar ya zazzage. Ga shi kuma alkamar da ake yin fulawar, mafi yawanta jirgin ruwa ne ke kawo ta daga ƙetare, alhali babu ƙasar da ta kai Nijeriya noman wake a duniya.

Daga bisani Inna ta tsaya tsakiya. Cikin kowane kwaɓi takan barbaɗa cikin tafi ɗaya na garin wake, don kada bakinta ya yi ƙarya. Masu iya magana sun ce wake ɗaya shi ke ɓata gari. A tukunyar Inna shi ke fid da garin kunya.

Da kakar bara ƙaninta da ke noma kusa da Bunguɗu ya aiko mata da wake tiya biyu. Ba ta sayar da ko ƙwara ba. Ta surfe, ta haɗa da rogo, ta yi irin na gida, ta soya man gyaɗa da albasa, ta daka yajin ƙuli-ƙuli, ta tara jikokin a kwano guda. Manyan suka ci shiru. Ƙaramin, wanda aka shigo da shi Gusau a goye, ya ɗauki ɗaya ya tauna, ya yatsine fuska, ya ture kwanon ya ce, “Inna, wannan ba ɗanwake ba ne.”